Likkafanin da ya zo Makka a cikin taya

Shekarun baya, tun ina da ƙarfina, ina da 'yar rumfa a unguwar Tandabawi inda nake gyaran risho da fitila, da keke idan an samu. A nan Makka aka haife ni, amma a gida Hausa muke yi, don mahaifiyata ba ta yarda a amsa mata da Larabci.

Wata rana da hantsi, gab da aikin Hajji, wani dattijo ya turo keke ya tsaya a gabana. Keken kamar an tono shi daga rami, igiya ce ma ta riƙe sirdin. Na yi masa Larabci, bai gane ba. Da na ce "Sannu Baba," sai idonsa ya kawo ruwa.

Ya zauna, na ba shi shayi. Ya ce daga ƙasar Katsina yake, a kan keken nan ya zo. Na yi dariya, na zaci zolaya ce. Sai ya shiga ba ni labarin Tafkin Chadi, yadda aka ɗora keken a jirgin ciyawa, sauro na cin su. Ya ce a duwatsun Darfur kuwa wani lokacin keke ya ɗauke shi, wani lokacin shi ya ɗauki keke. Wajen gangara sai ya ɗaura reshen itace a baya yana jan ƙasa, don birki ya daɗe da mutuwa.

Ina saurare ina kwance tayar baya. Babu tub a ciki, sai wani baƙin tsumma dogo da aka cusa tam. Na zaro shi, na ce to ga abin goge hannu ya samu. Har na kai shi ga baƙin man da ke hannuna, dattijon ya riƙe mini hannu.

"Ɗana, kada ka goge. Likkafanin mai ɗakina ne."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce ita ta kaɗa zaren da hannunta, aka saƙa mata. Ƙafafunta sun ƙi tafiya, idonta ma ya tafi, ta san ba za ta ga Ka'aba ba. Abin da ta roƙa kawai shi ne ya tsoma mata shi a Zamzam ya mayar mata. A cikin duwatsu ƙaya ta cinye tub har faci ya rasa wurin zama. Ya cusa ciyawa ta zama gari, ya cusa rawaninsa ya ƙare. Ga ba gari kusa, ga ruwan gorarsa ya kusa ƙarewa. Sai ya warware ɗinkin likkafanin, ya cusa.

"Da wane ido zan kai mata wannan?" Haka yake ta maimaitawa.

Ni da wayona na 'yan birni, na ce abu mai sauƙi, a sayi sabon alawayyo a tsoma, tunda ba gani take yi ba. Ya dube ni kamar yaro ya yi magana. Ya ce, "Ba ta gani, amma yatsunta sun san zarenta."

Sai na kai shi gida. Mahaifiyata wankau take yi wa alhazai. Ta juya ƙyallen, ta ɗaga shi ga rana, ta harare ni da ta ji shawarar da na bayar. Ta ce, "Malam, fari dai ba zai koma ba, amma zai haɗu."

Ta kira maƙwabtanta mata. Suka jiƙa, suka dafa da toka, suka wanke, suka sake wankewa. Inda gargaren taya ya ci, ita ta zauna da allura ta cike.

Bayan Arfa muka tsoma shi a Zamzam, muka shimfiɗa a rana inda alhazai ke shanya nasu. Ko'ina fari tas, nasa kaɗai ne mai ratsin baƙi. Na ga dattijon yana ƙoƙarin tsayawa ya kare shi da jikinsa. Mahaifiyata ta ce, "Matsa Malam, bar shi ya sha rana. Waɗancan a akwati aka kawo su. Wannan shi ya kawo ka, haka za ka faɗa mata."

Ranar tafiyarsa na sa masa sabon tub gaba da baya. Mahaifiyata kuma ta ƙulla masa tsofaffin zannuwanta, ta ce in taya ta sake ci, su zai cusa.

Muka daɗe ba labari, har na cire rai. Sai wata shekara wani alhaji ya zo yana cigiyar mai gyaran keke a Tandabawi. Ya ce dattijon ya isa, ya sami mai ɗakinsa da rai. Ta shafa ƙyallen daga farko har ƙarshe, ta tsaya a kan facin, ta tambayi ko hannun wa ne. Ita ce ta aiko alhajin, ya miƙo ƙullin zare da ta kaɗa, a ba wadda ta yi ɗinkin.

Har yau ina jin kunyar shawarar nan tawa, kuma tun daga ranar ban ƙara ɗaukar tsumman wani ba sai na tambaya. Mahaifiyata ba ta taɓa yi wa kowa ɗinki da zaren nan ba. Ta ajiye shi a ƙasan akwatinta, ta gaya mini aikinsa. Da ta rasu, da shi muka ɗinka nata likkafanin.