Malam Abdulrahim, Mai Bangon Littafin Babana

Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, ina dawowa daga kasuwar Samaru da kayan miya a hannu, Elias mai injin buga littattafai ya kira ni a waya ya shaida mini cewa Allah ya yi wa Malam Abdulrahim Ahmadu rasuwa a asibitin koyarwa na Shika, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Kafin in ajiye kayan in sami abin hawa zuwa Sabon Gari, har an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, kamar yadda addininsa ya tanada. Ban same shi ba. Tabarmi na tarar a ƙofar gida, da mutane zaune jugum, kowa da abin da yake tunawa.

Ni Scholastica Mordecai ce, malamar makaranta da ta yi ritaya. Ba marubuciya ba ce ni. Littafi ɗaya tak na rubuta a rayuwata, tarihin mahaifina, kuma da kuɗin aljihuna na buga shi. Wannan littafin ne ya haɗa ni da marigayin, domin sana'arsa ita ce zana bangon littattafai. Ya karanci fasahar zane a jami'a nan Samaru, ya buɗe ɗan shagonsa a layin masu ɗab'i na Sabon Gari, inda malaman jami'a da limamai da fastoci da 'yan mata masu littattafan soyayya suke layi a kan benci ɗaya, kowa rungume da takardunsa.

Malam, bari in yi maganar da kai, don da kai na saba yin ta.

Ranar da na fara zuwa wurinka na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Na zo da sunan littafin a rubuce, na zo da launin da nake so, kore, tunda Baba malamin gona ne. Ka karɓi takardun ka auna nauyinsu a hannu, ka ce in dawo bayan ka karanta. Na ce bango kawai nake so, ba gyara ba. Ka ce ka ji, amma ba ka taɓa zana bangon littafin da ba ka karanta ba, kuma ba a kaina za ka fara ba. Na fita ina gunaguni, na gaya wa Elias cewa mutumin nan yana da iyayi. Elias ya yi dariya ya ce kowa haka yake faɗa a zuwan farko.

Ka karanta kuwa, har ƙarshe. Da na dawo ka tambaye ni labarin keken Baba da rafi ya tafi da shi a hanyar Zabi, kana dariya kamar kana wurin aka yi. Sannan ka ɗauko abin da na rubuta game da kaina don bayan bango, wanda na jera makarantun da na yi da kwamitocin coci da na taɓa shugabanta, ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "Malama, littafin Baba ne wannan, ko takardar neman aiki?" Na ji haushi a ranar. Ka rage shi ya koma layi uku, kuma har yau ban ga abin da ya ɓata ba.

Ba ka yarda da allon kwamfuta ba, ko da yake a gabansa ka ƙare rayuwarka. Ka ce launin da yake nunawa daban, wanda inji zai fitar a kan takarda daban. Don haka duk bangon da ka zana sai ka sa Elias ya fitar da bugun gwaji guda ɗaya, ka fita da shi rana, ka jingina shi a jikin ƙofar shago, ka tsallaka titi ka tsaya kana kallonsa daga can, masu babur suna yi maka oda. In ba ka iya karanta sunan littafin daga tsallake ba, aikin bai yi ba. Sai kuma al'adarka ta ƙarshe, wadda ita ce dalilin wannan rubutun nawa: in littafi tarihin wani mamaci ne, ba ka barin a buga bangonsa sai ka kai gwajin gidansu da ƙafarka, wanda ya fi kowa saninsa ya gani ya yarda.

A gidanmu wannan mutumin ita ce Mama, Elizabeth. Ina aji uku a firamare Baba ya rasu, don haka abin da ke cikin littafin daga bakin mutane na tattaro shi, mafi yawa daga bakinta. Mama ba ta yi karatun boko ba. Duk shafukan nan da na yi shekaru ina wahala a kansu, ba ko ɗaya da za ta iya karantawa. Rabonta a littafin mijinta shi ne bangon kaɗai. Ga shi kuma hawan jinin ido ya kama ta, ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan yana bin sa a hankali, likitoci sun ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Burina duka shi ne ta riƙe littafin ta ga mijinta a kai tun tana iya gani. Na gaya maka wannan tun farko, ka ce in sha Allahu za ta gani.

Matsalar ita ce hoto. Hoton Baba guda ɗaya ne a duniya, wanda aka ɗauka a bikin godiyar kaka a harabar coci, mutum kusan ashirin a tsaye, shi yana can gefe, fuskarsa ba ta fi ƙwayar wake ba. Da ka ƙara girmanta sai ta watse, ta zama dishi-dishi. Ɗana Martins ne ya ce wannan ai ba abin damuwa ba ne a zamanin nan. Ya sa hoton a wata manhaja ta waya mai gyara tsofaffin hotuna, kafin in ƙifta ido sai ga fuska ta fito tas, ido da hanci da murmushi, har da layin aski. Na kalli fuskar nan na fashe da kuka. Shekara hamsin da wani abu ina ƙoƙarin tuno kamannin ubana ban iya ba, yau ga shi a tafin hannuna. Na sa shi a fuskar wayata. Na tura wa 'yan'uwa har Kafanchan.

Kai ma ka yaba. Ka ce aikin ya yi tsabta, ka ɗora shi a kan koren da nake so, ya yi kyau ƙwarai, ya ci jarrabawar tsallaken titi. Elias ya ba mu ranar bugu, ni kuma na riga na gaya wa mutanen coci lokacin da za a ƙaddamar. Na ce maka ba sai ka wahalar da kanka zuwa Samaru ba, tunda na ga jikinka ba daɗi, ƙafafunka sun kumbura. Ka ce ai hanyarka ce, kana zuwa Shika wankin ƙoda, za ka biyo a dawowa.

Ka biyo da hantsi. Muka fito da Mama tsakar gida inda haske ya fi yawa, ka durƙusa ka gaishe ta, ka miƙa mata gwajin. Ta kawo shi kusa da idon da ya rage, ta karkata kai, ta daɗe tana dubawa. Ni ina tsaye ina jiran ta yi kuka irin nawa.

Ta ce, "Wannan ɗan waye?"

Na ce, "Mama, Baba ne."

Ta sake dubawa. Ta ce, "Kyakkyawa ne kam. Amma ba baban ku ba ne. Ina wushiryan shi? Ina tsagen shi?"

Ashe Baba yana da wushirya, yana da tsage siriri a kowane kunci. Manhajar ba ta san da su ba. Inda ta ga dishi-dishi sai ta cike da abin da ta ga dama, ta ba mu fuskar mutumin da ba a taɓa haifa ba. Ban san lokacin da na zauna a bakin rijiya ba. A ranar na ji kamar an sake yi mini rasuwar uba, kuma na ji kunyar hawayen da na zubar a kan baƙo.

Kai ba ka ce komai a kan Martins ba, ba ka ce komai a kaina ba. Cewa ka yi laifinka ne, da ya kamata ka tambaya tun kafin ka taɓa hoton. Na ce to a mayar masa da wushirya da tsagen mana, tunda kwamfuta tana iya komai. Ka girgiza kai ka ce in ka yi haka ka ƙara ƙarya ne a kan ƙarya, kuma jikokinsa za su girma suna ɗauka shi ne. Sai ka gyara zama a kan tabarma, duk da gajiyar da ke fuskarka, ka ce da Mama, "Mama, in yana tahowa daga nesa, tun ba ki ga fuskarshi ba, da me kike gane shi?"

Mama ta yi murmushi. Ta ce da tsayuwarsa. Kunnensa na dama ya mutu tun yana saurayi, don haka kullum kansa a karkace yake, yana miƙo na hagu, hannu ɗaya a baya. Wannan ba ya cikin littafina, don ban taɓa sanin in tambaya ba. Ka ɗauko tsohon hoton na ainihi ka duba, ka nuna mini da ɗan yatsa. Ga shi nan a gefe, kai a karkace, hannu a baya.

Ka kira Elias a gabana ka ce ya ba wani ranarmu. Na ji yana faɗa ta cikin wayar da Turancinsu na Sabon Gari, kai kuma kana ba shi haƙuri da irin yarensa har ya sauko. Ni ma na yi ƙorafi, don an riga an sanar a coci. Ka ce ranar ƙaddamarwa ana iya ɗaga ta, idon Mama ne ba ya jira, saboda haka gara a yi abin da za ta gane, a kuma yi shi da sauri.

Ka koma ka fara daga farko. Ka ware Baba daga cikin jama'ar hoton, tun daga hula har takalmi, ka tsayar da shi shi kaɗai ya cika bangon. Fuskar ka bar ta yadda take, dishi-dishi, ba ka ƙara mata ko ɗigo ba. Bayan 'yan kwanaki ka sake biyowa daga Shika da gwaji kala uku, ka jera wa Mama a rana. A kan koren nawa ba ta ga komai ba sai duhu. A kan ruwan ƙwai ne ta ce tana ganin mutum. Ka juyo ka ce, "Malama, korenki ya faɗi zaɓe." Na ce na karɓi kaye. Daga baya matarka Rahamatu ta gaya mini cewa a makonnin nan ba ka iya daɗewa a zaune, kana yi kana kwanciya a kan benci, in ta yi magana ka ce akwai tsohuwar da ke jira.

Littafin ya fito a watan Fabrairu. Kai da kanka ka kawo kwafin farko, leɗar bangon tana ƙamshin sabon bugu. Mama ta karɓa da hannu biyu, ta matsar da shi nesa kaɗan, ta dawo da shi kusa. Sai ta yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba, ta ce, "Ga shi nan. Yana jira a maimaita mishi magana." Ta yini da littafin a cinya. Duk wanda ya shigo sai ta nuna masa.

Ni kuwa na cire waccan kyakkyawar fuskar daga wayata, kuma ba zan ɓoye ba, da ƙyar na cire ta. Har yau ban san kamannin fuskar ubana ba, kuma na haƙura ba zan sani ba a duniyar nan. Amma na san yadda yake tsayawa, kuma wannan nasa ne na gaskiya.

Kafin bikin Ista idon Mama ya rufe gaba ɗaya. Da a ce ka yi mana jinkiri irin wanda aka saba a layin masu ɗab'i, ko ka bi son raina ka buga na farkon, da ta tafi cikin duhu ba ta gan shi ba.

Da na gaya mata rasuwarka sai ta ce a ɗauko mata mayafi. Na ce jikinta ba zai ɗauki hanyar Sabon Gari ba, ni zan isar da gaisuwarta. Ta ce ba a aike a irin wannan. Muka ɗauki mota muka je ranar sadakar uku, na riƙe hannunta har cikin gida. Ta lalubi hannun Rahamatu ta riƙe, ta ce, "'Yata, ban ga fuskan mijinki da kyau ba, lokacin idon ya riga ya yi nisa. Amma abu na ƙarshe da na gani sosai a duniyan nan, shi ya kawo mini, kuma mijina ne."

Malam Abdulrahim, Allah ya jiƙanka da rahama, ya gafarta maka kurakuranka, ya sa jinyar da ka sha ta zama kankarar zunubi. Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Ina miƙa ta'aziyyata da ta Mama da ta dukan zuriyar Mordecai ga Malama Rahamatu, da 'yarku Ummukulthum da ƙannenta, da 'yan'uwa da abokan sana'arka na Sabon Gari. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya raya abin da ya bari, ya tsaya muku kamar yadda marigayin ya tsaya wa tsohuwarmu. Amin.