Eriya Biyu a Saman Soronmu

A shekarar da nake aikin digirina na biyu, na kafa eriya biyu a saman soron gidanmu da ke Zaitawa. Ɗaya na juya ta wajen tashar talabijin, ɗayar tana kallon inda jirage ke saukowa. Bututun da na ɗaure su a jiki a Ƙofar Wambai na saya, wajen masu tsofaffin ƙarafa.

Radar nake haɗawa, amma irin wadda ba ta aika komai, sauraro kawai take yi. Tashar talabijin takan rarraba saƙonta a kan ƙananan zanguna masu yawa, ta watsa su lokaci guda. In saƙon ya bugi jikin jirgi, ɗan kaɗan yakan dawo a makare. Aikina in tace wannan amsa-kuwwa daga cikin hayaniya, in auna jinkirinta, in san nisan jirgin.

Wata bakwai ina fama, ƙarfin tashar yana danne komai. Wata Laraba da hantsi sai ga ɗigo a allon kwamfuta, yana tafiya a hankali. Na ɗaga kai, ga jirgin can. Na sauko ba takalmi na gaya wa Inna, tana tankaɗe. Ba ta gane ba, amma ta yi dariya ta sa mini albarka.

Bayan kwana uku, baffana, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifina, ya kira ni zaure bayan la'asar. Na tarar da mai unguwa da maƙwabcinmu, wani Alhaji mai sayar da yadi a kasuwar Kurmi.

Alhaji ya ce, "An ce na'urarka tana jin abin da ake faɗa a waya. Kuma kullum kana sama, iyalina sun kasa fitowa tsakar gida."

Maganarsa ta biyu da gaskiya a ciki, na kuma ji kunya. Na ce zan kewaye wurin da zana, ba zan ƙara hawa ba sai na yi sallama. Ta farkon kuwa ƙarya ce. Na roƙe su su zo in nuna musu.

Mai unguwa ya ce, "Malam, ko ka nuna mana, me za mu gane?"

Baffa bai ko dube ni ba. Ya ce, "Ka sauke su kafin magariba."

"Baffa, sati biyu kawai nake nema in ɗauki awo."

"Na gama magana."

Da hannuna na kwance su.

Na nemi a ba ni saman wani gini a makaranta. Takardar ta yi ta yawo ofis-ofis har wa'adina ya cika. Dole na kare aikina a gaban malamai da jiragen da kwamfuta ta ƙirƙira. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a don ya duba aikin ya jujjuya shafukan ya ce, "Duk wannan ai lissafi ne. Ina awon gaske?" Na nuna masa ɗigona na ranar Laraba. Ya ce awo ɗaya ba hujja ba ne. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi yi mini ciwo.

Na ci jarrabawar da ƙyar, ban kuma nemi digiri na uku ba. Yanzu lissafi nake koyarwa a wata sakandare. Har yau sahu ɗaya muke tsayawa da Alhaji a masallaci. In an idar yakan miƙo mini hannu ya ce, "Malam, ya karatu?" Ni kuma in ce, "Alhamdu lillahi."