Ambaliyar da Aka Ɗebo da Bokiti

Shagon Mai Agogo bai fi taku huɗu ba, yana tsakanin mai sayar da fenti da mai ɗinkin labule. Shekara talatin da ɗaya ya yi a kan kujera guda, gilashin aiki maƙale a idonsa na dama, agoguna rataye a bango kowanne yana tafiyarsa, sautinsu kamar yayyafi a kan kwano. Tun shekarar da ya buɗe shagon wani mai kwat ya shawo kansa ya shiga inshorar gobara da ambaliya, kuma bai taɓa fashin biya ba.

Sai dai masifa ba ta san ƙofarsa ba. Da wuta ta cinye shagon fenti, a jikin bangonsa ta tsaya. Da ruwa ya cika titi ya kwashe labulen maƙwabcinsa, a bakin dakalinsa ya juya. Maƙwabtan biyu suka karɓi kuɗin inshora suka sake gini har da tayil, shi kuwa yana nan da tsohon rufinsa. Da rana, idan ciniki ya yi sanyi, yakan lumshe ido ya ga ruwa garai-garai ya shigo a hankali, agoguna suna iyo kamar kifaye, shi yana bisa tebur yana kallo, babu wanda ya ji ciwo.

Daga baya ganinsa ya fara dushewa, ƙananan sukurori suka riƙa ɓace masa a kan farin ƙyalle. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani, sai an yi aiki, aikin kuma ya fi ƙarfinsa. Abin da ya fi tsoro shi ne ranar da zai mayar wa mutum agogonsa ya ce ya kasa.

Ƙanin matarsa, direban motar haya, shi ya kawo shawara.

"Yaya, shekara talatin kana kiwon kamfani. Bututun bayan shagon nan ai tsoho ne. Wa zai rantse bai fashe ba?"

"Ƙarya ke nan fa."

"Ruwa dai ruwa ne, Yaya. Ba ya zuwa da takardar shaidar inda ya fito."

Wata safiya suka tura ƙofa. Mai Agogo ya fara ware agogunan mutane ya ɗora a saman kanta, domin amana ce. Nasa ashirin da bakwai kuwa ya tsoma su cikin bokiti ɗaya bayan ɗaya, yana ba kowanne haƙuri a ransa. Da ya kai rahoton ambaliya, kamfanin inshora ya ce mai duba ɓarna zai zo bayan kwana tara.

Shirun ne ya dame shi. Bai taɓa jin bangon nan ya yi tsit ba. Washegari ya ce bari ya buɗe guda ɗaya kawai, na katakon da ya gada wurin maigidansa, ya tsane shi kada tsatsa ta kama. Ya manta cewa tsatsar ce shaidarsa. Ya goge, ya ɗiga mai, ya kara a kunne. Da ya ji ya motsa, sai na kusa da shi ya ba shi tausayi.

Ran kwana tara wata matashiya ta iso da fayil a hannu.

"Baba, ina kayan da ruwa ya lalata?"

Kafin ya amsa, ƙarfe goma sha ɗaya ta cika, bangon gaba ɗaya ya ɗauki bugawa.

"Ga su nan, 'yata."

"Waɗannan ai lafiyarsu ƙalau."

"Yanzu kam."

Ta dubi busasshen bututu, ta dubi bokitin da ke bayan ƙofa, ta daɗe tana kallon tsohon. Sannan ta rufe fayil.

"Ban ga asara ba, Baba, saboda haka babu abin da zan rubuta, mai daɗi ko marar daɗi. A dai ɗauke bokitin nan, kada wani ya yi tuntuɓe."

A gida matarsa ta saurari labarin tana ninke wanki.

"Malam, agogo ashirin da bakwai cikin kwana tara. Da wane ido?"

Ya laluba aljihu. Gilashin aikin yana ciki tun ranar bokiti, bai ko tuna da shi ba. Yatsunsa ne suka san mazaunin kowane sukuri, kunnensa kuma ya faɗa masa sauran.

Har yau ba a yi aikin idon ba. Masu wucewa kan gan shi ido a rufe, agogo a tafin hannu, su ɗauka gyangyaɗi yake yi. Direban ya leƙo kwanan baya.

"Yaya, to gobara fa?"

"Rufa mini asiri," in ji Mai Agogo. "Toka ba ta gyaruwa."