Gwaggo Saratu Ta Ƙi Tasowa

Na tarar da Gwaggo Saratu zaune ita kaɗai a cocin ƙauyenmu, can bayan Safana. Tun da 'yan bindiga suka watsa mu, har fasto ya tashi, amma duk Lahadi sai ta buga ƙarfen sujada ta shiga.

Na ce, "Gwaggo, ba mai wa'azi, me kike sauraro a nan? Taso mu tafi Katsina."

Ta ce, "Ɗan nan, na gama gaya wa Ubangiji nawa, nasa nake jira. Ran da ya ce tashi, ko takalmi ba zan tsaya nema ba."

Na zauna gefenta. Ni dai kukan kurciya kawai na ji.

Ni kaɗai na dawo. Jama'a, in ku ne, za ku iya baro ta?