Uwar maƙerar da Dinny ya bar mini

Shekara tara ke nan da rasuwar Dinny, maƙerin nan ɗan Ireland mai yi wa dawaki takalmi a bayan Upper Marlboro. Sarkin Maƙera nake ce masa, shi kuma ya ce da ni jikan maƙeran da ya gudu daga wuta ya shige ofis.

Na zaga duniya, ban ga mai camfi irinsa ba. Ruwan da yake tsoma ƙarfe mai zafi a ciki, wai maganin tsiron fata ne. Na ce kakata ma haka take cewa a Kano. Amma da ya zo kan uwar maƙera, dunƙulen ƙarfen nan da ake ƙira a kai, sai ya daina dariya. Ya ce a ƙasarsu in maƙeri ya juya bakinta yana ambaton sunan mutum, mutumin ya shiga uku.

Shekarar da wani ɗan garinmu ya yi mini sharri na rasa aikina a Largo, na je wurinsa da rana tsaka. Cikin wasa na ce ya juya mini ita. Sai ya ce:

"Hannunka ne, ba nawa ba. Tura."

Na faɗi sunan, na tura. Ta gusa kamar faɗin yatsa. Na ja da baya ina istigfari. Dinny ya ɗauko alli ya zana inda ta tsaya a kan kututturen da take zaune a kai.

Sati bai cika ba ƙafar hagun mutumin ta shanye. Likita ya ce hawan jini ne, ni ma haka nake cewa. Na san ba mai yi sai Allah. Amma duk Juma'a ina ganinsa a masallaci yana jan ƙafar, har ya ce, "Alhaji, ina gajiya?"

Ni Dinny ya bar wa ita, da kututturenta, da zanen allin. Da zai ga yadda na ɗaure ta da ƙusoshi a garejina na Hyattsville, da ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Matata Hajiya kullum sai ta ce in kawar da ƙarfen nan ta samu wurin mota.

Abin da ya rage mini na Dinny ke nan: bai hana ni ba, bai kuma taɓa tuna mini ba. Alli kawai ya ja. Motar Hajiya dai a waje take kwana.