Tarin Yaya Habu da Gwajin Jinin da Bai Riska Ba

Da kakar bana Yaya Habu ya cika shekara tara da rasuwa. Shi ne babban wana, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu har na zama malamar makaranta a Rano. Mutanen Saji, inda muke zaune, sun fi saninsa da Habu Mai Inji, don a wancan lokaci kusan duk tuwon unguwarmu daga injinsa garin yake fitowa.

Tari ne ya fara masa, irin wanda ba a kula da shi. Muka ce ƙurar niƙa ce, wasu suka ce sigarin da ya sha da ƙuruciya ne. Da ya fara ramewa aka ɗora shi a kan maganin tarin tibi, ya sha wata da watanni, tari bai lafa ba. Sai da ya fara tofar da jini muka kai shi Kano. Likita ya duba hoton ƙirjinsa, ya ja ni gefe, ya ce ciwon daji ne a huhu, kuma ya riga ya bazu. "Da kun zo da wuri," in ji shi. Ban taɓa ganin laifin kowa ba. Da me za mu gane a lokacin?

Yaya ya fi mu natsuwa da labarin. Damuwarsa ɗaya ce, 'yarsa Rukayya da ke sakandare. Ya kira abokin aikinsa Malam Buba, Bafulatanin Kibiya da ya bar kiwo ya zauna a Saji, ya ce masa, "Ga inji nan, ga yarinya. Kada ka bari ta bar karatu." Malam Buba ya riƙe amanar nan har ƙarshe.

Yau Rukayya tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Kano. Da ta zo hutu kwanakin baya, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ta ce mini, "Gwaggo, kin san masana sun fara gano alamun ciwon Baba a cikin jini? Ciwon yakan zubar da ɗan ɓurɓushinsa a jinin mutum, wani lokaci tun kafin tari ya fara." Na tsayar da hannuna. Ta yi saurin ƙarawa da cewa abin bai kammala ba, ana kan bincike, bai kuma iso asibitocinmu ba. Ko inda ake yin gwajin, jinin nuni kawai yake yi, sai an ɗauki hoton huhu a tabbatar. Duk da haka na yini ina juya maganar.

Me Yaya zai ce da ya ji? Na san dariya zai fara yi, don mutum ne mai tsoron allura kamar ƙaramin yaro. Daga nan zai tsare ta da tambaya, yadda yake tsare makaniki idan inji ya canza kuka. Ba na jin zai yi baƙin cikin abin bai riske shi ba. Tambayar da zai yi ita ce yaushe zai iso Rano, kuma talaka zai iya?

Amma ba mu jira isowarsa ba kafin mu amfana da abin da ciwon Yaya ya koya mana. Bara Malam Buba ya kama tarin da ya ƙi tafiya. Rukayya ta same shi a bakin inji ta ce ya shirya su tafi Kano.

"Tarin aiki ne, 'yata," ya ce.

"Baffa, haka Baba ma ya ce."

Ya shirya suka tafi. Hoto ya nuna ɗan ƙulli a huhunsa, ƙarami, bai je ko'ina ba. Aka yi masa aiki aka cire. Ya bar niƙa, ya koma gonarsa, bana har dawa ya aiko mini.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya, ba dukiya ba ce, bai bar ta ba. Abin da ya rage shi ne a zuri'armu yanzu ba mai yin dogon tari a ce masa zai wuce. Akwai kuma 'yar da ke duba jinin mutanen da ba ta sani ba da kulawar wadda ta san zafin makara. Na gode wa Allah da wannan.

Ranar da muka taru bana don yi wa Yaya addu'a, daga cikin gida nake jiyo maza a zaure. Malam Buba aka ba jan addu'ar. Muryarsa ta yi ƙasa, yana tsayawa ya ja numfashi, sannan ya ci gaba. Ba wanda ya karɓe shi. Shi ya kai ta har fatiha, muka shafa. Allah Ya jiƙan Yaya Habu, Ya sa ciwon da ya sha ya zame masa kaffara.