Mai Littafin Duwatsu a Sakatariyar Maiyama

Wani magidanci yana zaune kan benci a sakatariyar Maiyama, tafin hannunsa duk kanta irin ta manoman albasa. Yana riƙe da tsohon littafin Turanci mai hotunan duwatsu da ƙanƙara, yana bin layi da yatsa, bakinsa na motsi. Da alama aikin gadin daji yake nema, kuma sai an gwada karatunsa. Wataƙila da wannan littafin kaɗai ya koya.

Aka kira shi ciki. Da ya fito, na kusa da shi ya tambaya, "Malam, mi sunka ce?"

Ya sauke dogon numfashi, ya zauna. "Shafi guda sunka ba ni kan itatuwa, na karance shi tas. Sun ce in dawo Litinin da hoto biyu."